In Kwamfuta Ta Yi Nauyi

Ke ma ƴar'uwa, in mun ce "ka" a cikin darasin nan, har da ke muke nufi.

Yau za mu yi magana a kan na'urar nan da wasu ke kira kwamfuta, wasu su ce ordinatar, wasu kuma na'ura mai ƙwaƙwalwa. Da can sai a Yamai ko Maraɗi ake ganinta. Yanzu kuwa, in ka bi babbar hanya daga Gidan Rumji, ka wuce Cadawa da Agiye har Gazawa, za ka gan ta a ma'aikatar magajin gari, da gidan likita, da wasu makarantu, da shagon masu buga takardu. Ƙungiyoyin manoma da na mata ma, wasu sun samu tasu.

Tun da ka iya karatu da rubutu, wata rana ana iya ce maka: "To, kai ne sakatare, riƙe mana ita." Ranar nan amana ta hau kanka.

Mu ɗauki misali. A ce ƙungiyarku tana da kwamfuta guda. A ciki aka rubuta sunan kowa, da buhun aya da na gero da kowa ya ajiye a sito, da bashin da ake bin kowa. Farkon zuwanta, da an danna sai ta buɗe. Bayan shekara biyu ko uku sai ta soma nauyi. Ka kunna ta, ka dafa shayi, ka dawo, ba ta gama tashi ba. Mutane na zaune suna jira. Wani dattijo ya ce: "Wanga abu ya mutu, a tara kuɗi a sayo sabo."

Kar a yi gaggawa. Galibi ba mutuwa ta yi ba. Kaya ne suka yi mata yawa, ga ƙura, ga zafi. Jaki ma in an labta masa kaya, ba ruwa ba inuwa, tafiyarsa za ta ragu, amma ba wanda zai ce a yar da shi. Sauke masa kaya ake yi, a ba shi ruwa. Haka kwamfuta take, kuma yawancin aikin kai da kanka za ka iya, ba tare da ka kashe ko dala ba.

Abu uku da ke cikinta

Kafin ka yi gyara, ka san abu uku.

Na ɗaya, ƙwaƙwalwa. Ita ce mai aikin, ita ke lissafi. Wani ɗan ƙaramin abu ne, amma yana zafi ƙwarai in yana aiki. Don haka aka sa masa fanka a kusa.

Na biyu, tabarmar aiki. Masu gyara suna kiranta RAM. A kanta ƙwaƙwalwa ke baza abin da take yi yanzu-yanzu. In tabarma ƙarama ce, aka baza gero da gujiya da wake gaba ɗaya, ka san aiki ba zai yi sauri ba.

Na uku, rumbu. Masu gyara suna ce masa diski. Nan ake ajiye komi: takardu, hotuna, waƙoƙi, da manhajoji. Manhaja ita ce kayan aikin da ake sa wa kwamfuta, kamar Word na rubutu da Excel na lissafi. Babbar manhajar da ke tafiyar da sauran duka, a yawancin kwamfutocinmu, sunanta Windows.

Girman tabarma da na rumbu duka da giga ake auna su, irin gigar nan da kake ji in za ka sayi intanet a salula.

Nauyin kwamfuta daga ɗayan ukun nan yake fitowa: ko ƙwaƙwalwa ta yi zafi, ko tabarma ta cushe, ko rumbu ya cika ko ya tsufa.

Kafin ka taɓa komi, kwafe

Wannan shi ne babban abu a darasin nan. Kwamfuta ana iya sayen wata. Sunayen mutane da lissafin bashi, in suka ɓace, ba kasuwar da ake sayar da su. Daga nan kuma sai rigima: wannan ya ce ya biya, wancan ya ce buhunsa biyar ne ba huɗu ba.

Ka nemi kile, wato ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta a gefe, wanda wasu ke kira filas. Ka kwafe dukan muhimman takardu a cikinsa. Ka cire shi, ka ajiye shi a wani ɗaki dabam, ba cikin jakar kwamfutar ba. In ɓarawo ya ɗauki jaka, ko ruwa ya shiga ɗaki, kar a rasa duka biyun. Lissafin kuɗi kuma, a riƙa buga shi a takarda ko a rubuta shi a littafi.

In ka kwafe, to, sai gyara.

Ƙura da zafi

Ka san ƙasarmu. Da hunturu iska na kawo ƙura har cikin akwati. Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce awo 40. Waɗannan biyu su ne manyan abokan gabar kwamfuta a nan.

Ga yadda abin ke faruwa. Fanka tana jawo iska daga waje don ta sanyaya ƙwaƙwalwa. Tare da iskar ƙura ke shiga. A hankali ƙurar ta taru ta toshe ƙofofin iska, kamar yadda yana ke toshe taga. Zafi ya rasa hanyar fita. To, ƙwaƙwalwa an yi ta da wata dabara: in zafinta ya doshi awo 100, sai ta rage saurinta da kanta don kar ta ƙone. In abin ya yi tsanani, ta kashe kwamfutar baki ɗaya. Ka ga ba lalacewa ba ce, kare kanta take yi.

Alamun su ne: fanka na ta kuka ba hutawa, ƙasan kwamfutar ya yi zafi, tana sauri da safe amma da rana ta yi sanyin jiki.

Abin da za ka yi:

1. Kashe ta, ka cire wayar wuta.
2. Da ɗan buroshi mai laushi, busasshe, ka share ƙofofin iska da tsakanin madannai.
3. Kar ka sa ruwa. Kar ka hura da bakinka, don numfashi yana da laima.
4. Kar ka aza ta hannu a kan katifa, ko matashi, ko tabarma, ko rairayi. Ƙofofin iskarta da yawa a ƙasa suke. A kan tebur ko wani katako mai tsabta ake aza ta.
5. Babbar ta tebur, kar akwatinta ya zauna a ƙasa inda ake shara. Ɗaga shi sama, kuma kar ka manna shi da bango.
6. In an gama aiki ta huce, ka rufe ta da ƙyalle. Amma kar ka rufe ta tana aiki.

Ƙurar da ta shige can ciki kuwa, buɗewa ake yi. In ba ka taɓa gani an yi ba, bar wa mai gyara. Ka zauna kusa da shi ka kalla, wata rana kai ma ka iya.

Shayi da abinci kuma, nesa da ita. Ɓurɓushin abinci shi ke kiran kiyashi da kyankyaso.

Rumbu ya cika

Windows tana son fili a cikin rumbu don ta juya. In tabarma ta cika, a rumbu take ajiye ragowar aiki. In shi ma ya cika maƙil, sai komi ya tsaya.

Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke. Kar wannan ya ba ka tsoro. Haruffan dai su ne waɗanda ka koya, dubawa za ka yi ka gane kalmar. Buɗe wurin da aka rubuta Ce PC. Za ka ga wani layi a ƙarƙashin diski. In layin shuɗi ne, da sauran fili. In ya koma ja, rumbu ya kusa cika.

Mi ke cika shi? Ba takardun ƙungiya ba ne. Takardar rubutu ba ta da nauyi. Fim guda yana iya cin giga ɗaya ko fiye, wurin da zai ɗauki takardu dubbai. Fina-finai da bidiyon biki da waƙoƙi su ne masu cinye wuri.

Ga matakai:

1. Duba dosiyen da aka rubuta Vidéos da wanda aka rubuta Téléchargements. Abin da ba na aiki ba ne, a fitar da shi ko a goge.
2. Abin da ka goge bai fita ba tukuna. Kwandon shara ya tafi, wanda aka rubuta Corbeille. Buɗe shi, duba da kyau ko akwai abin da ya faɗa bisa kuskure, sannan ka zubar.
3. Windows tana da tsintsiyarta. A wurin nema ka rubuta Nettoyage de disque. Ita ke share tarkacen da manhajoji suka bari.
4. Manhajar da ba a aiki da ita, kamar wasanni, a cire ta. Ana shiga Paramètres, sannan Applications, a zaɓe ta, a danna Désinstaller.

Ka yi ƙoƙari ko da yaushe a bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na rumbun ba komi.

Doka guda: abin da ba ka sani ba, kar ka goge. Dosiyen da aka rubuta Windows kuwa, ko kusa kar ka taɓa shi. Mai shara ba ya tone ginshiƙin ɗaki.

Masu tashi ba a kira su ba

Akwai manhajojin da ke tashi da kansu da an kunna kwamfuta. Ba ka kira su ba, ba ka ganinsu, amma sun zauna a kan tabarma sun cinye wuri. Su ne ke sa tashi ya daɗe.

Danna madannai uku tare: Ctrl da Maj da Échap. Maj shi ne mai hoton kibiya mai kallon sama, a gefen hagu. Échap yana can sama a kusurwa, wani lokaci an rubuta Esc. Wani allo zai fito mai suna Gestionnaire des tâches. Nemi wurin da ke da kalmar Démarrage. Za ka ga jerin masu tashi da kansu. Wadda ka sani, kuma ba ka bukatarta da safe, ka zaɓe ta ka danna Désactiver. Wannan ba gogewa ba ne. Ce mata ka yi ta jira sai an kira ta. Amma mai gadin cuta, wanda za mu yi maganarsa yanzu, a bar shi ya tashi.

Haka kuma, kar ka buɗe abu goma lokaci guda. In ka gama da takarda, rufe ta. In kana intanet, kar ka tara shafuka barkatai.

Ga wata dabara mai sauƙi. In ta yi nauyi, danna Redémarrer, wato ta mutu ta sake tashi da kanta. Wannan yana kakkaɓe tabarma tas. A Windows 10 da 11 ya fi Arrêter kakkaɓewa, don Arrêter tana ajiye wasu abubuwa saboda tashin gobe.

Cutar kwamfuta

Kwamfuta ma tana kamuwa da cuta, ana ce mata birus. Ba irin ta mutum ba ce. Muguwar manhaja ce da wani ya rubuta da gangan. Tana ɓuya ta yi ta aiki a ɓoye, ta cinye ƙarfin ƙwaƙwalwa, wani lokaci ta ɓata takardu ko ta sace su.

A nan wajenmu, babbar hanyarta ita ce kile da katin salula. Kile ya je shagon tura fina-finai, ya je wurin buga takardu, ya dawo gida da cuta. Akwai wadda aka fi sani: sai ka ga dosiyoyinka sun koma wasu ƴan hotuna masu ƙaramar kibiya a gindi. In ka ga haka, kar ka danna su, dannawar ce ke yaɗa ta. Galibi takardunka suna nan, ɓoye su ta yi, mai gyara zai iya fito da su.

Rigakafi ya fi magani:

1. Kile na ajiyar ƙungiya kar ya shiga kwamfutar kowa. A sami wani dabam na yawo.
2. Windows 10 da 11 suna da mai gadinsu kyauta, sunansa Microsoft Defender. Yana bukatar intanet lokaci-lokaci don ya san sababbin cututtuka. In garinku intanet ba ƙarfi, duk ran da aka je da ita inda ke da ƙarfi, a bar ta ta sabunta.
3. Kar a sa masu gadi biyu. Faɗa suke yi da juna, nauyi ya ƙaru.
4. In kana intanet wani allo ya faɗo yana cewa kwamfutarka ta kamu, danna nan a wanke ta, ƙarya ce. Rufe shi. Sau da yawa shi ne cutar.

Wuta

Wutar da ake sha a wannan yanki, an ja mata babbar waya daga Katsina zuwa Gazawa, daga nan ta rabu, reshe ya yi Maraɗi, reshe ya yi Damagaram. Ka tuna a watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar, ba ta dawo ba sai watan Maris 2024. Mutane da yawa sun koma ga inji da hasken rana. Ƙauyuka da dama kuwa, dama can da su suke aiki.

Ɗaukewar wuta farat ɗaya tana cutar kwamfutar tebur. In tana cikin rubutu a rumbu aka ɗauke, takarda na iya lalacewa, Windows ma ta rikice ta yi nauyi. Maganinta akwai wani akwati mai batir da ake kira ondilar. Yana riƙe wuta na ƴan mintoci, ka samu ka adana aikinka ka kashe cikin natsuwa. Ta hannu ita tana da batir nata.

Ka saba da danna Ctrl da S tare a kai a kai. Shi ke adana abin da ka rubuta. Kar ka kashe ta da fizge waya. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, kashe ta ka cire wayar daga bango.

Yaushe za a kai wa mai gyara?

In ka yi duk wannan ba ta canza ba, to, a je wurin mai gyara. Amma ka je da saninka, kar a ce maka kawai "ta mutu".

Rumbu iri biyu ne. Tsohon iri yana da faifai mai juyawa a ciki, sau 5400 ko 7200 a minti guda. Yana tsufa, kuma faɗuwa na ɓata shi. In ka ji yana ƙas-ƙas, ko takardu suna ƙin buɗewa, kwafe komi a ranar, kar ka bari sai gobe. Sabon iri ana ce masa SSD. Ba abin da ke juyawa a cikinsa, kuma ya fi tsohon sauri nesa ba kusa ba. Sa wa tsohuwar kwamfuta SSD shi ne gyaran da ya fi kowane sa ta sauri.

Tabarma ma a kwamfutoci da yawa ana iya ƙara ta. Windows 11 ba ta yarda da ƙasa da giga 4 ba, kuma da giga 8 aiki ya fi daɗi. Kuɗin gyaran nan biyu bai kai na sabuwar kwamfuta ba.

Ka tambaye shi kuma wace Windows ce a ciki. Kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 7 gyara tun Janairu 2020. Wa'adin Windows 10 ma ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Suna aiki har yanzu, amma kamar gida ne da aka daina yi wa yaɓe. Ba kowace tsohuwar kwamfuta ke ɗaukar Windows 11 ba. In taku ba ta ɗauka, a ƙara kula da abin da ake soka mata da inda ake shiga a intanet.

Abu uku kar ka manta: kwafe takardu kafin ka kai, a yi ciniki kafin a buɗe, kuma in an canza rumbu ka karɓo tsohon. Sunayen mutane da sirrinsu suna cikinsa.

Salularka ma haka take

In ba ka da kwamfuta, darasin nan bai wuce ka ba. Babbar salula ƙaramar kwamfuta ce. Bidiyo da muryoyin WhatsApp su ke cika rumbunta. Goge waɗanda ka gama da su, cire manhajar da ba ka aiki da ita, kashe ta ka kunna ko sau ɗaya a mako, kuma kar ka bar ta cikin rana.

Tsarin kulawa

Kullum: aza ta a wuri mai tsabta da inuwa, kashe ta yadda ya kamata, rufe ta da ƙyalle.

Kowane mako: zaɓi rana guda, ko ranar kasuwarku, don kar ka manta. Kwafe takardu a kile, share ƙura, danna Redémarrer.

Kowane wata: duba layin rumbu, zubar da kwandon shara, bar mai gadi ya bincika ta.

Kowace shekara: in hunturu ya wuce, kafin zafin bazara, a buɗe a fitar da ƙurar ciki.

In kwamfutar ta jama'a ce, a zauna a yi shawara: wa ke riƙe ta, wa ke riƙe kile, mi aka yarda a sa a ciki. Kar wani ya ji haushi in an hana shi zuba fim. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuɗin da za a tara a sayi sabuwa, gara su tafi ga iri da taki.

Tambayoyi

1. Faɗi abu uku da ke cikin kwamfuta, da aikin kowane.
2. Mi ya sa ake kwafe takardu kafin a soma gyara?
3. Mi ya sa kwamfuta ke rage sauri in ta yi zafi?
4. In ka ga layin rumbu ya koma ja, mi za ka yi?
5. Ta wace hanya cuta ta fi shiga kwamfuta a wajenmu?
6. Faɗi abu uku da za ka tuna in za ka kai ta wurin mai gyara.

Aiki

Rubuta tsarin kulawa da hannunka a babbar takarda. Ka kai wa wanda ke riƙe kwamfuta a garinku, ku karanta tare, ku manna shi a bango kusa da ita.